Yaran da Ba Sa Cikin Taswira

Ina cikin matan da suka tsufa a aikin rigakafin shan inna. Mu ne masu bi gida-gida da kula a kafaɗa da alli a hannu, waɗanda yara kan biyo a baya suna ihun “ga masu foliyo nan”. Na fara ina ɗiga magani, na koma riƙe takardar ƙirga, daga baya aka ba ni kula da tawagogi a wata mazaɓa ta karkara a kudancin jihar Kano. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ’ya’yanmu ne ke yawon. Da yake samari masu ilimin kwamfuta sun yawaita maganar manhajojin da za su taimaki marasa ƙarfi, na ga ya kamata in faɗi abin da na gani, domin mu aka fara ɗora wa irin wannan waya, tun yawancinmu ba mu mallaki babbar waya ta kanmu ba.

A ƙauyen da na tashi, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga yaro yana jan jiki ko yana dogara sanda ba. Manyanmu sun ɗauka aikin iska ce, don haka turare da rubutu da kai yaro wurin masu magani su ne abin yi. Asibiti na da nisa, kuma ko an je babu abin da likita zai ƙara, domin ƙafar da cutar ta shanye ba ta dawowa. Sai da na shiga aikin aka yi mana bayani cewa ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida ta shiga bakin wani yaron ta ruwa ko abinci ko hannu mai dauɗa. A cikin yara kamar 200 da suka kamu, ɗaya take shanyewa, sauran suna wasa lafiya ƙalau suna rarraba ta. Shi ya sa ake neman kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, ba a zaɓe. A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ɗaura ɗamarar kawar da ita, tana nakasa yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

A wancan zamanin labari da ƙafa yake tafiya. In ƙyanda ta ɓulla a wata unguwa, sai mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya jira ranar kasuwa ya aika wa hakimi, kafin takarda ta kai ofishin lafiya an binne na binnewa. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma a farkonta kuɗin layi ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma’aikaci. Sai bayan wasu shekaru ta iso mana, ita ma sai mutum ya hau tudun bayan makaranta yake samun sabis.

Kafin wayar ta gama zama gari, rikicin 2003 ya taso. Magana ta bazu cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa, wasu malamai da likitoci suka tsaya a kan haka, gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin. Ba a dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Masu kallo daga nesa sun ce jahilci ne, amma mu da muke shiga gidajen mun san akwai tsohon ciwo a ƙasa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 na gwajin 11 suka rasu, shari’a ta ɗauki shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin a farga cutar ta tsallaka daga Arewa zuwa ƙasashe kusan 20, kuma a 2006 Najeriya kaɗai ta samu yara fiye da dubu da ta shanye.

Da aka dawo, an dawo da ƙarfi. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa’ad Abubakar da sarakunan Arewa suka shigo cikin lamarin a 2009, sai ka ga hakimi ya ɗiga wa ɗansa a bainar jama’a. Mu kuma tsarinmu ɗaya ne kowane zagaye. Da asuba mu karɓi magani a kula mai ƙanƙara, mu duba ɗan murabba’in da ke jikin kwalba, don in ya yi duhu zafi ya kashe maganin. Mata ne ke shiga, saboda “Ba shiga” da ke rubuce a ƙofar zaure maza ya hana. Ɗigo biyu a baki, a shafa tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, a ja layi a takarda, a rubuta da alli a bango yara nawa ke gidan da nawa aka samu. Da yamma a haɗu a yi lissafi.

Jagoranmu a duk wannan yawon wata taswira ce da aka zana da hannu. Jami’in mazaɓa da masu unguwanni za su zauna a kan tabarma, a ja layin hanya, a sa masallacin Juma’a, a sa rijiya da bishiyar kuka, a jera sunayen unguwannin da aka tuna. Abin da aka tuna shi ne ya wanzu. Wanda aka manta, ko wanda babu mai son ɗaukar nauyinsa, babu shi a takarda, kuma babu magani da aka ware masa, babu alawus ɗin wadda za ta je.

Takardar ƙirga ita ma tana karɓar duk abin da aka rubuta mata. Ba zan ɓoye ba, akwai tawagogin da in rana ta take sai su sami inuwar mangwaro su cika layukan su zubar da maganin. Akwai gidan da ake shiryawa da uwar gida a shafa wa yara tawada ba a ɗiga ba, kowa ya huta da fitinar maigida. Wani lokacin lissafin yamma yakan nuna an yi wa yara fiye da waɗanda ke mazaɓar gaba ɗaya. A takarda mun gama da cutar tuntuni. A ƙasa kuwa, yaran da ta shanye sun ragu zuwa 21 a 2010, suka hau zuwa 62 a 2011, suka kai 122 a 2012. A shekarar ne aka buɗe cibiyar ɗaukin gaggawa ta shan inna a Abuja, sannan aka yi irinta a Kano da wasu jihohi, aka fara tambayar da ya kamata a yi tun farko: su wane ne yaran da kullum ake tsallakewa, kuma a ina suke?

Ranar Juma’a 8 ga Fabrairun 2013, ’yan bindiga a Adaidaita Sahu suka buɗe wuta a wuraren rigakafi biyu a cikin birnin Kano, a Hotoro da Unguwa Uku, suka kashe ma’aikata tara, mata irinmu masu neman na cefane. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, amma na san irin hijabinsu da irin takalminsu da abin da ake biyansu. Bayan wannan mazaje da yawa suka hana matansu fita. Waɗanda suka ci gaba suka koma ɓoye kula a ƙarƙashin hijabi ko cikin jakar buhu.

Muna cikin wannan fargaba aka kawo mana wayoyin. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano ce ke kula da su. Kowace tawaga za a ba ta ɗaya da safe, an riga an yi mata caji an kunna, babu abin da za ki danna, sakawa kawai za ki yi a aljihu ko jaka. Duk bayan minti biyu tana rubuta inda take ta hanyar tauraron ɗan’adam, ko da sabis ko babu. Da yamma a karɓe, a juye abin da ta tara a kwamfuta, a tura. Kafin nan an ɗauki hoton jihohi goma na Arewa daga sama, an bi da ƙafa da babur ana tambayar sunan kowane ƙauye da tunga ana liƙa masa. Manyan garuruwa an yanka su ƙananan murabba’ai na mita 50. Murabba’in da sawun waya ya taka sai ya canza launi, wanda ba a taka ba ya zauna yana kallon kowa.

Ba mu yi murna ba. Wata tsohuwar ma’aikaciya ta raɗa wa wayar suna ’yar gulma, sunan kuwa ya bi ta. Wasu suka ce tana ɗaukar murya. Wasu suka ce in har wani a Kano yana ganin inda muke, me zai hana masu bindiga su gani? Wannan tambayar ba ta wauta ba ce, kuma an sha wahala kafin a gamsar da mu cewa sawun ba ya fita sai an juye shi da yamma. Abin da ya fi ci mana rai shi ne jin cewa ba a yarda da mu ba. Mace ta yi shekaru tana shan rana da zagi da haushin karnuka, yau an haɗa ta da na’ura mai kai rahoto.

Ra’ayina ya sauya ne a wani taron yamma. An haska taswirar mazaɓarmu a bango, muna neman unguwanninmu muna dariyar yadda gidaje suka koma ƙanana. Can a gefe, hayin wani rafi da muka ɗauka shi ne iyakarmu, sai ga wasu ’yan da’irori a jere, babu sawun kowa a kansu. Jami’in ya ce bukkoki ne. Muka duba tsohuwar taswirarmu ta hannu, a wurin babu komai sai farar takarda.

Washegari muka je wurin dagaci. Bayan gaisuwa na ce, “Ranka ya daɗe, su wane ne a hayin rafin nan?”

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, “Fulani ne, ’yata. Amma ba nawa ba ne. Tun zamanin jangali can gabas suke kaiwa.”

Da aka tuntuɓi dagacin gabas, shi kuma ya ce ai kasuwarmu suke ci, matansu a garinmu suke tallan nono, don haka namu ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya bar wa ɗan’uwansa, shekara da shekaru, kuma mu da kanmu mun sha sayen fura da nono a hannun matan rugar ba mu taɓa tambayar ina yaransu suke kwana ba.

Dagaci ya haɗa mu da ɗan rakiya muka tsallaka, ruwa iya gwiwa, kula a ka. Arɗo ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Wata tsohuwa ta ƙare mana kallo ta ce, “Ku na gwamnati ne?”

Na ce, “Eh, Iya, maganin yara muka kawo.”

Ta ce, “Ikon Allah. Masu allurar shanu dai sun san hanya. Na yara kam yau na fara gani.”

Babu wanda ya ƙi a rugar nan. Duk surutun hana haihuwa da ya hana mu barci a cikin gari, su ba shi ne damuwarsu ba, zuwa ne ba a taɓa yi ba. Muna cikin ɗigawa na hango wata yarinya da ta wuce shekarun rigakafi, zaune a gindin bukka tana tsinke zogale, ƙafarta ta dama siririya a lanƙwashe. Uwarta ta ce zazzaɓi ta yi tana ƙarama, da ta tashi ƙafar ba ta tashi ba. Ba ta cikin alƙaluman kowace shekara da na lissafa a sama, domin babu wanda ya kai rahotonta.

Kafin mu tafi na karɓi lambar ɗan arɗo, wanda ke da ’yar ƙaramar waya da yake kai wa caji ranar kasuwa. Wannan lambar ta yi mana aikin da tauraron ɗan’adam ba zai yi ba. Hoton sama yana nuna inda bukka take ranar da aka ɗauke shi, makiyayi kuwa da rani yana wani wuri. In za su tashi sai ya yi mini filashin in kira, ya gaya mini inda za su sauka, ni kuma in gaya wa takwarata ta can. In an yi haihuwa ma haka. Irin wannan ruga da tunga da aka gano a jihohin nan ba su da iyaka, mafi yawansu a kan iyakar mazaɓu ko ƙananan hukumomi, inda kowa ke cewa na wancan ne.

Ɗan’adam kuwa ba ya rasa dabara. Ba a daɗe ba aka fara jin tawagar da ta ba ɗan acaɓa waya ya zaga gari da ita. Masu na’urar sun riga sun yi tunanin haka, duk sawun da ya wuce saurin mai tafiya da ƙafa ba a lissafa shi. Sai wasu suka koma ba yaro ya zaga da ita a ƙafa a ba shi na alewa. Nan kam na’ura ta kai iyakarta. Abin da take iya shaidawa shi ne wayar ta zo ƙofar gida. Ko an shiga, ko an tashi jaririn da ke barci a ɗakin amarya, ko ɗigon ya shiga baki, wannan sai mai bin baya ya je ya duba yatsu ya tambayi iyaye, sai kuma tsoron Allah na mai aikin.

Haka kuma ba ta san abin da ake faɗa a zaure ba. Akwai wani magidanci da kowane zagaye murabba’in gidansa yana nuna an je, kuma kowane zagaye ba a ɗiga wa yaransa. Ranar da na je da kaina ya fito ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Malama, ba raina ki na yi ba. Da damina ɗana ya yi zazzaɓi, na kai shi asibiti aka rubuta mini magani in saya, ban da kuɗin, ya rasu. Ba wanda ya zo. Wannan da ban nema ba kuma kun zo har gida sau nawa a shekara, kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.”

Na yi masa ta’aziyya na tafi, don ba ni da amsar da ta kai maganarsa nauyi. Amsar ta zo daga baya, da aka fara kafa sansanin duba marasa lafiya a ranakun rigakafi, ana ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na tsutsar ciki da gishirin gudawa. Ga kuma mata masu wayar da kai na UNICEF da shuɗin hijabinsu, ’yan unguwa ne da ake haɗuwa da su a suna da biki. Ga waɗanda cutar ta nakasa da kansu, suna zuwa a kekensu su ce wa maigida ya dube su da kyau. Ko waya ma a nan ta yi rana ta wata fuskar: yadda ake tura wa’azin masu suka ta bulutut, haka muka riƙa tura na malaman da suka goyi baya. Taswira ta nuna mana ƙofa, waɗannan mutanen suka sa aka buɗe.

A watan Yulin 2014 aka samu yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta shanye a jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila. A cikin watan ne kuma wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola. Ma’aikatan da suka goge a yaƙin shan inna aka kwasa suka kafa cibiyar gaggawa a can. Mutum kusan 900 da suka yi cuɗanya da masu cutar aka riƙa bi kullum har kwana 21, ana auna zafin jikinsu ana shigarwa a manhajar waya, in wani ya yi zafi nan take cibiya ta gani. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana mara lafiyar farko fita daga asibiti, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ce Najeriya ta rabu da cutar. Amma duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna wani dare a watan Agusta da wayoyi suka yi ta ƙara har asuba, ’yan’uwa na kiran ’yan’uwa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka kwanta asibiti, har aka rasa rai. Waya ɗaya ce ta yi aikin nan biyu a wata guda, kuma masu kiran daren nan ƙauna ce ta sa su.

A 2015 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu, muka fara shirin biki. Sai ga Agustan 2016, aka samu yara biyu a Borno, daga Gwoza da Jere. Da aka binciki ƙwayar aka ga dangin wadda aka gani a jihar ce tun 2011. Shekara biyar tana yawo a yankunan da Boko Haram ta rufe, inda babu ma’aikacin lafiya, babu sabis, babu mai kai rahoto. A can ma hoton sama aka koma dubawa don a gane ƙauyen da har yanzu akwai mutane da wanda ciyawa ta cinye, sannan a shiga da rakiyar sojoji da ’yan sa-kai.

Wata ƙawata da aure ya kai Maiduguri, ita ma ma’aikaciyar lafiya, ita ta ba ni labarin manhajar da ta fi burge ni a duk abin da aka ƙirƙiro, wadda ake kira AVADAR. Ba likitoci aka ba ba. An nemi mutanen da uwa ke fara kai wa yaro in ƙafarsa ta saki: wanzami, ungozoma, mai ɗori, mai maganin gargajiya, mai kemis, mai unguwa. Kowane mako wayar za ta nuna musu ɗan gajeren bidiyo na yaron da gaɓarsa ta yi laƙwas, da harshen da suke ji, ta tambaya ko sun ga irinsa. Eh ko a’a kawai za a danna, amsar ta tafi ta saƙon tes, ba sai da intanet ba. In eh ce, jami’in sa ido kan cututtuka zai taso ya ga yaron, a ɗauki bayan gidansa sau biyu da tazarar kwana ɗaya, a kai ɗakin gwaji a Maiduguri ko Ibadan cikin sanyi. An yi amfani da ita a yankin Tafkin Chadi, har Nijar da Chadi da Kamaru. Hikimarta ita ce ba ta raina wanda bai yi boko ba, kuma ba ta nemi raba uwa da wanzaminta ba. Ko “a’a” ɗin ma aiki take yi, domin shirun wanda aka tambaya ya amsa daban yake da shirun wurin da ba a taɓa tambaya ba. Rugar hayin rafi ta koya mini wannan.

Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. A rediyo na ji, muna zaman korona. Aikin bai ƙare ba, domin akwai wani nau’in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, shi ya sa har yau ake bi gida-gida. Yanzu kuma dajin da rashin tsaro ya rufe ya matso yamma. A Satumbar 2021 gwamnati ta katse layukan waya a Zamfara saboda ’yan bindiga, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. An toshe wa ɓarayi hanyar neman kuɗin fansa, an kuma toshe wa mai naƙuda hanyar kiran mota.

In samarin nan masu manhaja suka zo gaishe ni suna nuna mini abin da suka ƙera, ina sa musu albarka, sannan in tambaye su wayar a hannun wa take. A gidajen da na shiga, wayar tana aljihun maigida, shi kuma yana kasuwa. Matar kulle da almajiri da yaron ruga da tsohuwar sansanin gudun hijira ba su ne za su sauke manhaja su yi rajista ba. Abin da ya yi mana aiki shi ne wanda ya tafi wurinsu a aljihun wata, ko ya bi ta hannun wanda suka riga suka amince da shi. Ina kuma tambayar su wa zai taso in an danna, da wane babur, wa zai zuba masa mai, domin ƙararrawar da ba mai amsawa tana koya wa mutane su daina dannawa. Sannan in ja musu kunne a kan amana: jerin da ya nuna inda marasa ƙarfi suke kwana, in ya faɗa hannun mugu, ya zama jagoransa.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta nuna a ’yan shekarun nan akwai yara fiye da miliyan biyu a Najeriya da ba a taɓa yi musu allurar rigakafin yau da kullum ko ɗaya ba, kuma kaso mai yawa a Arewa suke. A zamanin taswirar tabarma, mai mulki yana iya rantsuwa cewa bai san da su ba, kuma ya yi gaskiya. Yau kowace tunga tana da suna da lamba a kwamfuta, an san tazararta da asibiti mafi kusa, an san rafin da ke tsakani. Matan da suka yi yawo da ’yar gulma a aljihu sun kashe wannan uzurin da ƙafafunsu. Duk yaron da aka bari yanzu, ana sane aka bar shi, kuma wanda ke riƙe da kasafin kuɗi ne zai amsa tambayar.